Dardumar da Ta Yi Zuba

Yayana gyaran darduma yake yi, irin tsofaffin nan na saƙar hannu da ake gado. Mai Allura ake ce masa a layinmu. Shagonsa ɗaki ɗaya ne mai taga guda da dogon tebur, sai fili na siminti a baya inda ake wanki. Shekara talatin ina taya shi wankin, saboda haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba.

In aka kawo masa darduma ba ya kallon fuskarta. Kifar da ita yake yi, ya bi bayanta da yatsa yana ƙirga ƙulli. Daga nan zai faɗi shekarunta, da ko ulun na gaske ne, da ko asu ya fara ci. Wani dillali ya taɓa kawo wata yana rantsuwa ta shekara ɗari. Yaya ya shinshina ya ce, "Makon jiya aka jiƙa ta da shayi. Ko sukari ba ku sa mata ba?"

Dokarsa ɗaya ce. Kafin ruwa ya taɓa darduma, sai a jiƙa farin ƙyalle a danna kan kowace kala, a ga ko tana zuba.

Wata rana wata tsohuwar ungozoma ta shigo da darduma a naɗe cikin zanin gado. Tsakiyarta fara ce, gefenta ja. Ta ce mahaifiyarta ce ta saƙa, kuma ban da dardumar ba ta da komai na marigayiyar, ko hoto. Wanki kawai take so.

Yaya ya danna ƙyalle a kan jan, ta gefe ɗaya. Ƙyalle ya fito fari tas. Abin da bai sani ba, ulun masaƙiyar ya ƙare mata a tsakiyar aiki, ta ƙarasa da wani jan na rinin kasuwa. A ido duk ɗaya ne. Ya ce in zuba ruwa, na zuba. Kafin in ajiye bokitin jan ya kwarara cikin farin kamar an yi yanka a wurin. Muka sa gishiri, muka sa tsumma, a banza.

Bai ɓoye mata ba. Ta daɗe a tsaye tana kallo, sannan ta ce, "Za ta dawo yadda take?"

"Za ta dawo, Hajiya. Ki ba ni lokaci."

Na ce masa a gabanta, "Yaya, kada ka yi alkawarin da ya fi ƙarfinka." Ya ce in je in shanya tsumma.

Tunda rinin ya ƙi fita, sai ya yanke shawarar zare duk ƙullin da ya ɓaci, ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaura sabo. Wata huɗu ya yi yana neman tsohon farin ulun da zai dace. Aikin kansa ya ci shekara biyu. Kowace safiya zai ja tebur bakin taga, ya kifa kai, ba ya ɗagowa sai rana ta juya. Sauran masu kawo aiki suka gaji suka koma wani wuri.

A lokacin ne ya fara magana da masaƙiyar. Ina daga waje sai in ji yana cewa, "Yi haƙuri, baiwar Allah, saura kaɗan." Ya daina zama yana ba ƙofa baya. Ya ce duk ƙullin da ya zare sai ya ji kamar an tsaya a kafaɗarsa ana duba hannunsa. Na ce yunwa ce, ya ci abinci. Amma ni ma na daina shiga ɗakin ni kaɗai, ko da tsakar rana.

Ranar da ya gama, ungozomar ta zo da sandarta, don idonta ya yi rauni sosai. Muka shimfiɗa mata. Ba tabo ko ɗaya. Ta durƙusa da ƙyar, ta kifa gefen dardumar, ta bi da tafin hannu a hankali. Ta kai inda aikinsa ya fara ta tsaya.

"Nan ba hannun Inna ba ne."

"Ulun iri ɗaya ne, Hajiya."

"Ban ce ulu ba. Inna ta ƙone a babban yatsa tun tana yarinya, ƙullinta a karkace yake. Naka ya miƙe kamar an ja da igiya."

Ya ga karkatar tun ranar farko. Hannunsa ne ya riƙa gyara ta, shekara biyu, bai ankara ba. Ya ce ta bar masa ita ya sake. Ta ce a'a, abin da ya rage na uwarta ba shi da yawa, kada a ƙara taɓa shi. Ta yi godiya, ta naɗe abarta ta tafi.

Bai sake karɓar wanki ba. Ya kafa ɗan katakon saƙa a kan tebur, ya ɗaure babban yatsansa da tsumma, yana koyon ƙulli a karkace. In ya yi layi biyu sai ya shafa, ya waiga bayansa, ya ce, "Haka ne?" Sannan ya warware. Shekara shida yana wannan kafin ya rasu. Ni dai a idona ya iya tun shekarar farko, na kuma gaya masa. Ya ce ba ni ya tambaya ba.