Ƙurun da Ya Iya Zare Sakata

A lokacin da abin nan ya faru ni ɗan ci-rani ne, matashi mai jin kansa, ban daɗe da zuwa Legas ba. Ina dakon fata a mayankar Oko-Oba sai wani Alhaji dillalin shanu ya ji cewa cikin dawaki na tashi a ƙauyenmu, ya ɗauke ni in kula da wani ƙuru da ya saya wa 'ya'yansa. Ɗan ƙaramin doki ne ja, bai gama girma ba, ga kyau ga rashin ji. Ya cire mini hula da haƙori, ya kifar da bokitin ruwa yana kallona, amma inda ya fi ƙwarewa shi ne buɗe ƙofa. Da leɓe yake tura sakata a hankali har ta zare. Na sha gani da idona a gidan Alhaji, shi ya sa kullum ƙafarsa tana ɗaure a turke kamar yadda muke yi a gida.

Da gidan ya yi masa kaɗan, Alhaji ya kama masa ɗaki a wata barga a Agege, inda masu dawaki ke ajiye nasu. Ogan bargar haifaffen Legas ne, Hausarsa rabi Yarabanci. Da ya ga igiyar turke a hannuna sai ya yi dariya, ya ce nan ba ƙauye ba ne, ba a ɗaure doki a ƙafa, kowanne a sake yake cikin ɗakinsa, sakata ta ishe shi. Sannan ya tambaye ni ko ƙurun yana da wani mugun hali, don shi ba ya karɓar dokin da zai ja masa magana. Masu kula da sauran dawakin suna tsaye suna saurare. Dariyar nan ta ƙona mini rai, kuma na ji tsoron a kore mu Alhaji ya ce na gaza. Na ce ba shi da wani hali, na cusa igiyar a buhu.

A ɗakin da ke jikin namu akwai wata farar goɗiya ta wani dattijo, ita kaɗai ya mallaka a duniya. Yana kai ta wuraren biki yara su hau a ɗauke su hoto, da ita yake ciyar da iyalinsa a can Arewa. Shi ya karɓe ni kamar ɗansa, ya nuna mini inda ake samun harawa mai kyau, ya ce in bar ƙurun kusa da ita zai fi saurin sabawa. Haka kuwa aka yi, ya daina haniniya, ya fara cinye dusarsa. Ni ne dai hankalina ya ƙi kwanciya. Ina share kashi sai in jiyo ƙarar ƙarfe a bayana, in juya in ga leɓensa a kan sakata, in daka masa tsawa kafin wani ya lura. Ko abinci a bakin ƙofarsa nake ci. Na sha yin niyyar gaya wa dattijon, sai in tuna na riga na yi magana a gaban jama'a.

Ranar Juma'a kowa ya tafi masallaci, mai gadi ya bar ƙofar waje a saye saboda mai kawo ciyawa. Na tsaya a sahun ƙarshe, wallahi ban san me liman ya karanta ba, ana sallamewa na tashi da gudu. Na tarar da ɗakuna biyu a buɗe. Ƙurun ya zare tasa sakatar, ya je ya zare ta goɗiyar. Na fita titi ba takalmi, masallata sun cika hanya, motocin haya na danfo da 'yan okada kowa na danna oda. Ƙurun na fara gani, ya tsaya gaban wata mai gasa masara yana ci abinsa, ita kuma tana ta zage-zage da Yarabanci. Ko ƙwarzane babu a jikinsa. Can gaba, wajen hanyar jirgin ƙasa, na hango taron mutane, na ruga can. Odar mota ta firgita goɗiyar, ta faɗa cikin wata kwata mai zurfi, ƙafar gaba ta karye har ƙashi ya fito. Dattijon ya iso da darduma a kafaɗa, ya shiga ruwan kwatar da rigarsa ta Juma'a, ya rungume kanta. Likitan dabbobi ya duba ya ce babu abin yi. A wurin aka yanka ta.

Da yake ƙurun ya dawo lafiya, ba wanda ya tambayi yadda ya fita. Oga ya ɗora wa dattijon laifi, wai tsufa ya sa ya manta bai rufe ƙofa ba, har shi ma ya fara yarda. Wannan ne na kasa ɗauka. Da safe na sami dattijon zaune a ɗakin goɗiyar da ya zama wayam, na durƙusa na gaya masa komai. Na so ya zage ni ko ya mare ni. Sai kawai ya ce da na faɗa masa tun farko, ɗan guntun waya zai murɗa a jikin sakatar, shi ke nan. Cikin makon ya tattara kayansa ya koma gida, ban sake ganinsa ba.

Har yau in na ji an zare sakata gabana sai ya faɗi. Ƙurun bai yi laifi ba, halinsa ya yi, ni ne na san halin na ɓoye don kada a kira ni ɗan ƙauye. Ina roƙon duk wanda aka ba amanar dabba, in ya kai ta sabon wuri aka tambaye shi halinta, ya faɗa ko da za a yi masa dariya. Dariyar da na guda ta yini ɗaya ce, wani bawan Allah kuma ya biya ta da abincin 'ya'yansa.