Man Sanyin Gwaggo Tumba a Tsakiyar Bazara

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Gwaggo Tumba, yayar mahaifina, mai yi wa mata tausa a Lafagu ta ƙasar Bagudo. Ni aure ya kai ni Birnin Kebbi tun tana da rai, kuma duk wanda ya tambaye ni sai in ce sana'arta na nan daram a hannun jikarta Hindatu. Abin da na tarar da na je gida a bazarar bana, har yau ban manta da shi ba.

Matan Lafagu da Geza, da na ƙetaren iyaka masu kawo mata man kaɗe daga Benin, kowa ya san tausar Gwaggo ba iri ɗaya ba ce. Da damina ƙugu take bi da gwiwar hannu, saboda sunkuyon shuka da cirar ciyawa. Da kaka ta koma kafaɗa da wuyan hannu, don masu sussuka da bugun shinkafa. In sanyi ya shigo, sai ta ɗora man kaɗe a garwashi, ta zuba citta da kanumfari da masoro, ta murje ki har ki yi gumi. Ranar da ta buɗe ƙoƙon man ta ga ya narke da kansa kuwa, ta san bazara ta kama. Sai ta tura shi ƙarƙashin gado, ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya. Ruwan randa, jiƙaƙƙen zane, hannu mara nauyi, shi ke nan. Mai neman man zafi a lokacin, Gwaggo kan ce mata ta wuce wurin mai tsire in gashi take so.

Da rana tsaka na shiga gidan. Ɗakin tausa a rufe, ƙanshin citta ya cika tsakar gida. Can sai ga Maman Ifi ta fito, tela ce 'yar kudu da ta tsufa a Bagudo a kan keken ɗinki. Gumi take sharɓewa tana tafiya da ƙyar. Na ɗaga mata riga, na ga bayan ya yi ruɗu-ruɗu da ƙuraje. Salati kawai na iya yi.

Na ce, "Hindatu, mi kinka shahwa mata?"

Ta ce, "Man Kaka mana, Inna. Yadda nig ga tana yi, ko citta ban rage ba."

Nan na zauna a bakin rijiya. Hindatu a Yawuri ta tashi. Bayan an gama kaka ta zo zaman jinyar Gwaggo, a nan ta ga tsohuwa tana lallaɓawa tana yi wa mata tausa, kuma Allah ya karɓi Gwaggo kafin man ƙoƙon ya narke. Tausar lokacin sanyi kaɗai yarinyar ta gani, ta ɗauka ita ce duka sana'ar. Shekara bakwai tana hura garwashi, damina da bazara.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne ba wadda ta gaya mata. Wai kara ake yi wa Tumba. Wa zai dubi jikarta ya ce ba ta iya ba? Da zafi ya fara sai mata su ɗauke ƙafa, sanyi ya dawo su dawo. Maman Ifi kaɗai ke zuwa tana cije baki, don ta ce ba za ta bar ɗakin da aka taɓa miƙar mata da baya ya zauna ba kowa ba. Ita kuwa Hindatu ta gama yanke wa kanta hukunci cewa hannunta ne ba albarka. Har ta ɗaure kayanta, kafin ruwa ya sauka za ta rufe ɗakin ta koma Yawuri.

Ina tambayar kaina me Gwaggo za ta ce. Zafin yanzu ya fi wanda ta sani, ga ruwa yana makara. Na tabbata ba za ta taɓa jikarta ba. Mu za ta wanke tas, mu da ke yi mata addu'a muna kallon sunanta yana ƙona bayan mutane.

Ni ban iya tausa ba, ban taɓa koya ba. Amma tun ina budurwa babu lokacin shekara da bayana bai kwanta ƙarƙashin hannunta ba. Na sa Hindatu ta kashe garwashin, ta ɗebo ruwan randa, na kwanta a gindin darbejiya. Ina cewa sassauta, koma sama, ba nan ba. Can sai tafin hannunta ya sauka tsakanin kafaɗuna a sanyaye, daidai yadda na sani. Hawaye suka zubo mini a tabarma.

Gwaggo ba ta bar komai a rubuce ba. Abin da ta bari yana jikin matan da ta taɓa, kuma mu ma muna tsufa. Allah ya jiƙanta, ya sanyaya makwancinta.

Da zan tafi Hindatu ta rako ni ƙofar gida. Ta ce, "Inna, to ta damina hwa?"

Na ce, "Kwance kayanki. Ruwa na sauka zan kawo miki ƙuguna."