Ƙofar da Ba Ta Buɗuwa ta Ciki

Assalamu alaikum edita da masu karatu. A lokacin da abin nan ya faru, ni saurayi ne mai ji da hannunsa, ina da rumfa a bayan tashar Tasawa inda nake yi wa tsoffin motoci rufin ƙofa na ciki. Gidanmu gidan dukanci ne. Mahaifina ya yi kube da jakunkuna har idonsa ya gaza, kuma a wurinsa na ji cewa aikin ƙwarai shi ne wanda ba a ganin inda aka haɗa shi. Na bar lakwal, wato makarantar boko, da wuri, na ɗauki wannan magana na kai ta cikin mota, direbobi suka yi ta yabona har kaina ya kumbura. Ba zan ambaci sunan kowa ba. Abin da nake so in sauke daga ƙirjina shi ne, yayata ta rasu a bayan ƙofar da na lulluɓe da hannuna, kuma na bar mijinta ya ɗauki laifin shi kaɗai har shekara biyu.

Ga wanda bai san sana'ar ba, rufin da mota ke zuwa da shi na matsattsen kwali ne. Damina biyu ko uku ya sha ruwa ya ruɓe, sai ka ga ƙarfen ƙofa tsirara yana yaga wa mutane tufafi. Ni kuwa faifan roba nake sayowa daga Maradi, irin mai kaurin nan da ake rubuta allon shago a kai. In ciro tsohon rufin in shimfiɗa shi a kan faifan, in zana gefensa, in yanke da wuƙa, in kanga shi a kan garwashi har ya yi laushi ya bi lanƙwasar ƙofa. Daga nan in manna masa soso da gam, in ja masa leda mai kama da fata, in ɗaure ta baya yadda ko kan ƙusa ɗaya ba za ka gani ba. In na gama nakan ja da baya in tsaya ina kallo kamar wanda aka yi wa haihuwa. Abin da na fi ƙi a duniya shi ne in huda rami a fuskar aikina.

Yayata ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, Yaya nake ce mata, ita kuma ba ta taɓa daina kirana Auta ba ko da na yi gemu. Mace ce mai jiki, mai ciwon gwiwa, tana sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a kasuwannin ƙauye. Mijinta direba ne, yana da tsohuwar mota da yake jigilar ƴan kasuwa da ita daga Tasawa zuwa ƙauyukan Mayahi. Tsakanina da shi akwai wasan nan na ƙanin mata da mijin ya, ba ma haɗuwa mu rabu ban ce motarsa ta girmi kakana ba, shi kuma ya ce ni telan ƙofa ne. Hannuwan buɗe ƙofofin bayan motar ta ciki sun daɗe da karyewa, sai ya ɗaura wa kowace ƙofa waya a jikin ƙarfen makulli, ya lanƙwasa bakinta ya bar ta tana leƙowa ta cikin mota. Duk wanda ya saba shiga motar ya san wayar nan, ka ja ta ƙofa ta buɗe. Abin naɗe gilashi kuwa guda ɗaya ne ya rage a motar, yana ajiye a gaban direba, mai so ya roƙa a miƙo masa.

Gab da faɗuwar damina ya kawo mini motar in yi mata sabon rufi. Na zage na yi aikin da ban taɓa yin irinsa ba, jar leda da baƙin layi a tsakiya, don ina so ƴan tasha su gani su yi magana. Da na zo kan ƙofofin baya na dubi wayoyin nan masu tsatsa, sai na ji ba zan iya barinsu suna leƙowa daga cikin aikina ba. Na tura su ciki na rufe, da niyyar in sa a kawo mini hannuwa na gaske daga masu kayan tsoffin motoci a Maradi, sannan in yanka gurbinsu daidai. Da ya zo ɗaukar motar ya shafa ƙofar sama da ƙasa, ya tambaye ni ina wayoyinsa. Na ce masa kwana uku ne kawai, kafin nan ya riƙa zagayawa yana buɗe wa fasinja ta waje, ai dama ya daɗe yana son ya ɗauki manyan mutane. Ya daina dariya ya ce, "Auta, huda mani ko ɗan rami ne. Mota ba ɗaki ba ce." Ni kuwa na mayar da maganar wasa, na ce wanda ya saba da tsumma ba ya gane shadda. Mutanen rumfa suka kwashe da dariya, ya rasa yadda zai yi fushi da ƙanin matarsa a gaban jama'a, ya shiga motarsa ya tafi.

Hannuwan sun iso ranar da na ce. Wani direban Maradi ya miƙo mini su a cikin baƙar leda, na jefa su cikin akwatin kayan aikina. A makon nan wani mai hali ya kawo mini mota yana so a yi mata ƙofofi huɗu da rufin sama, hankalina duk ya koma can. Sau biyu mijin Yaya yana tsayawa a bakin rumfata da injin a kunne yana tambaya ko saƙo ya zo, sau biyu ina ce masa mutanen Maradi ne ba su da alkawari. Aikin da ba zai wuce tsakanin azahar da la'asar ba ne, amma na ga na gida ne, ba inda zai gudu. Kwana tara suka yi a akwatin kafin tsautsayin.

Ranar da abin ya faru suna dawowa ne daga cin kasuwa a wajen El Allassane Maïreyrey, bayan la'asar, ana yayyafi. Gilasan motar duk a rufe suke saboda ruwan. Mutum biyu ne a gaba da direba, a baya kuma Yaya ce a jikin ƙofar dama, wata maƙwabciyarta a tsakiya, ɗaya gefen an cika shi da buhuna har sama. Suka iso wata ƙorama da yake ƙetarewa kullum, ya ga ruwan bai kai gwiwa ba, ya shiga. Ashe an yi ruwa mai yawa can gaba, yana tafe. A tsakiyar ƙoramar injin ya mutu, kafin ya sake tayar da shi ruwan ya iso ya ture motar, ta karkata ta gefen buhunan ta faɗa wani gurbi mai zurfi. Na gaba suka buɗe ƙofofinsu suka fita. Shi ma ya fito don ya zagaya ya buɗe wa matarsa, ruwan ya ɗebe masa ƙafafu ya yi gaba da shi, sai can ƙasa ya samu ya rungumi wata bishiya. Maƙwabciyar siririya ce, ta haura ta kan kujerar gaba ta fice. Yaya ba ta iya ba. Ƙofarta ce ke sama, ita ce ruwa bai danne ba, da ta buɗu da ta fita. Matar nan ta faɗa a gidan makoki, ina zaune ina ji, cewa abin da ta gani na ƙarshe shi ne Yaya tana laluben jikin ƙofa tana tambayar ina wayar take.

Washegari da ruwa ya janye aka jawo motar da shanu, bayan kwana biyu aka kawo ta bayan tasha aka ajiye. Na je na duba ni kaɗai da hantsi. Aikina bai yi komai ba, robar ba ta jiƙe ba, gam bai saki ba. Amma a daidai inda wayar take a da, ledar ta yage, soson ya fito, kuma akwai sawun farce a jikin faifan. Na zauna a ƙasa a wurin, ban san lokacin da na ɗauka ba. Da jandarmomi suka tambayi yadda aka yi ƙofa ba ta da hannu, na ce an yi odarsu ba su iso ba, mai motar kuma ya san da haka ya ɗauki fasinja. Mijin Yaya yana tsaye bai musa ba. Tsoro ne ya sa na faɗi haka, da kuma kunyar a ce Auta ne ya kashe wadda ta goya shi.

Mutane suka ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Amma a bayan ido sai ka ji ana cewa wane irin direba ne zai shiga ƙorama da damina, da iyalinsa a mota. Shi ma abin da yake faɗa wa kansa ke nan. Bai sake riƙe sitiyari ba. Ya koma gonar gado a wajen Baoudetta, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, mutumin da ake jin dariyarsa daga ƙofar tasha ya zama sai an yi masa magana sau biyu kafin ya ɗago. Nakan kai masa ziyara da ɗan goro da sukari, in zauna in ba shi haƙuri, in ce ya bar wa Allah. Har gode mini yake yi. Ina dawowa in buɗe akwatina in ga baƙar ledar nan, na kasa jefar da ita, na kasa sa wa wata mota. Na tsani kaina a shekarun nan fiye da yadda zan iya rubutawa.

Damina ta biyu bayan rasuwar, wata safiyar Juma'a, sai ga shi a rumfata. Ya jira har mutane suka ragu, sannan ya cire takalmansa ya durƙusa a gabana, mutumin da ya girme ni da shekara goma sha biyar. Ya ce iyayenmu ba su da rai, ni kaɗai ne jininta da ya rage, ya zo in yafe masa kashe mini ƴar'uwa, ko ya samu ya riƙa runtsawa. Na ce ya tashi, ya ƙi. A nan ƙarfina ya ƙare. Na jawo akwatin na ciro ledar na ajiye a gabansa, na gaya masa ranar da suka iso, da sau biyun da na yi masa ƙarya a bakin rumfa, da abin da na gaya wa jandarmomi. Ya buɗe ledar ya ciro hannuwan biyu, ya juya su a tafinsa ya daɗe yana kallo. Na zaci zai mare ni, wallahi da ya mare ni da na ji sauƙi.

Da ya yi magana, a hankali ya yi ta. Ya ce, "Ni na shiga ruwa, kai ka ruhe ƙohwa, wannan mu biyu za mu amsa shi gaban Allah, kuma na yahe maka nawa. Amma shekara biyu kana zama bisa tabarmata kana ba ni haƙuri, ka bar ni da kayan mutum biyu. Wannan ka ba ni lokaci." Ya mayar da hannuwan cikin ledar ya sa a aljihu, ya saka takalmansa ya fita. Tun daga ranar, in mun haɗu a jana'iza ko suna yakan amsa gaisuwata yadda ake amsa ta kowa. Na ji an ce ya fara cin abinci, har ya yi ɗan jiki, kuma wannan ne kaɗai abin da ke sanyaya mini rai.

Har yanzu ina sana'ata, don ba ni da wata. Sai dai mota ba ta barin rumfata yanzu sai na shiga na zauna a kowace kujera, na rufe ƙofa, na buɗe ta da hannuna ta ciki. Abin da na koya shi ne, wanda ya san hanya in ya roƙe ka abu, ka saurare shi ko da abokin wasanka ne, kuma aikin na gida shi ya fi cancantar a fara gamawa, don naka ne za su hau. Ina kira ga ƴan'uwana masu gyaran mota, kada kyan aiki ya sa ku rufe abin da rai zai nema ranar wuya. Fasinja kuma, kafin mota ta tashi ku duba ta ina za ku fita. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Wanda kuma yake riƙe da wata gaskiya alhali wani yana can yana ƙonewa saboda rashinta, ya tashi yau ya je ya faɗa, komai ɗacinta. Kuskuren ƙofar na yini ɗaya ne, amma shirun kullum da safe nake sake zaɓarsa, kuma shi ne har yau ba a yafe mini ba. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa yayata a addu'a.