Ƙofar Inna Ta Yi Shiru

A wurin aiki Marowaci suke ce masa, kuma rowar tasa ta wutar lantarki ce. Shekara ashirin ya yi a kan tebur ɗaya, tabarau a ƙarshen hanci, ƙarfen narka dalma a hannu, yana haɗa 'yan na'urorin da ake kafawa a gonaki da gadoji su riƙa aiko da labari ba tare da batir ba. Ɗan hasken rana ko girgizar mota ya ishe su. Gwanintarsa ita ce koya musu tsimi: su tara 'yar wutar da suka samu, su yi barci, in ta taru su farka su aika saƙo ɗaya, su koma.

Mahaifiyarsa kuwa tana can garinsu, tafiyar yini guda, ita kaɗai a gida, ta kuma rantse ba za ta riƙe waya ba. Tsoronsa kullum kada ta faɗi ba wanda ya sani. Sai ya ɗaura wa ƙofar ɗakinta ɗan maganaɗisu da naɗin tagulla. Turawar da take yi wa ƙofar da safe ita ke haifar da wutar, wayarsa ta yi ƙara, ya san Inna ta tashi lafiya.

Hankali ya kwanta, sai ziyara ta ja baya. Zuwan wata-wata ya koma "in Allah ya kai mu wata mai zuwa". Kewarta na cinsa sosai. Yakan tsura wa saƙon ido yana tuno tarinta da ƙarar silifas ɗinta, sannan ya koma kan dalmarsa.

Ran nan wayar ta yi shiru. Ya daure har hantsi, ya kasa, ya nufi tasha. Ya san aikin hannunsa ba ya fashi, wannan ne ma ya fi tayar masa da hankali.

Da la'asar ya isa. Ƙofar a buɗe take, an tokare ta da dutse, Inna na zaune tana ɗinke matashi.

"Inna! Lafiya? Wa ya tokare ƙofar nan?"

"Ni ce. Tun jiya."

"Haba Inna, kin san yadda na zo kuwa?"

Ba ta ɗago ba sai da ta cije zaren.

"Wata bakwai ke nan kai da ƙofa kuke gaisawa. Ni ba ta taɓa gaya mini ka tashi lafiya ba. Matso in gan ka."