Littattafan da Na Ɗora a Kan Rufin Kanta

Ni na ɗauki bulon da aka gina ɗakin karatun da shi. A shekarun nan da arzikin mai ya shigo, duk inda ka juya a Katsina siminti ake kwaɓawa, kuma ina cikin leburorin da suka yi aikin ginin ɗakin karatun a wajen Ƙofar Kaura. Da aka gama aka ce ana neman mai shara, sai na tsaya. Na haura arba'in a lokacin, kafaɗata ta gaji da kwanon kankare.

Ina da karatun allo tun ina ƙarami a unguwarmu ta Gobarau, amma boko sai da girma ya zo na fara shi. Kullum bayan la'asar ina zuwa ajin yaƙi da jahilci, har na sami takardar shaida. Ina karanta Hausa a hankali, na san lambobi sosai, Turanci kuwa sai dai in gane baƙaƙensa ɗaya bayan ɗaya.

Shugaban ɗakin karatun matashi ne da ya dawo daga kwas a Zariya. Yallaɓai muke ce masa. Wata rana ya same ni na jingine tsintsiya ina haɗa baƙaƙen da ke bayan wani littafi.

"Malam, kana karatu ne?"

"Ina dai lallaɓawa, Yallaɓai."

"Za mu fara horar da sababbin ma'aikata ran Litinin. Mako shida. Ka zauna cikinsu. In ka ci jarrabawa, ka ajiye tsintsiya. In ba ka ci ba, tana nan tana jiranka."

Mu huɗu ne a horon. Wanda na fi sabawa da shi wani tsohon malamin firamare ne ɗan Ƙofar 'Yandaka, mutum mai barkwanci, wanda tun ranar farko ya laƙaba mini Sarkin Tsintsiya. Sharar ba a ɗauke mini ita ba, ina yin ta da sassafe kafin kowa ya zo, sannan in wanke hannu in zauna a benci da fensirina.

Abin da aka fara koya mana ya ba ni mamaki, don gaisuwa ce. Yallaɓai ya ce a cikin ɗakin karatu gaisuwa ba ta wuce ina kwana da amsarta, kuma da murya ƙasa-ƙasa.

Malamin firamaren ya ce, "Yallaɓai, a Katsina? Mutum ya shigo ban tambaye shi gida ba, ban tambaye shi gajiya ba? Ai gobe a ce ɗan wane ya shiga gwamnati ya lalace."

"Ka raka shi baranda ka tambaye shi har awakinsa. Amma ba a ciki ba."

Daga nan aka koya mana yadda ake ciro littafi daga kanta ba tare da an ja shi ta ka ba, da yadda ake buga hatimin ranar dawowa, da ɗan katin da ke zaune a aljihun bangon baya, wanda ake cirewa a ajiye idan an ari littafi. An hana mu lasar yatsa wajen buɗe shafi. Wannan ya ba ni wuya ƙwarai. Sai babban darasi: kowane littafi yana da lamba a bayansa, lambar nan tana rubuce a kati cikin akwatin katuna, kuma littattafan suna bin lamba daga hagu zuwa dama, daga hawan sama zuwa hawan ƙasa, sannan a tsallaka kanta ta gaba. Yallaɓai yakan ce littafin da aka ajiye ba a wurinsa ba daidai yake da wanda aka sace.

Na gane wannan da sauri, don jera bulo ma haka yake. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Da aka bi lamba, littattafan addini sun faɗo a hawan ƙasa na kanta ta biyu, dab da daɓe, daidai inda takalman mutane ke wucewa. Akwai tafsiri, akwai na hadisi da na fiƙihu, wasu da Larabci, wasu fassara. A samansu kuma ga wasu littattafan Turanci, ɗaya har da hoton ɓera a bangonsa. A gidan da na tashi, ko takarda ka tsinta a ƙasa da rubutun Larabci, ɗagawa kake yi ka soke ta a jikin katanga. Mahaifina bai taɓa ɗora ko hularsa a kan gafakar littattafansa ba. Kuma ni ne mai shara. Kullum da safe ƙurar tsintsiyata a kansu take sauka.

Ban tambayi kowa ba. Na ga kamar ba wurina ba ne in yi wa mai ilimi gyara. Sai kawai na fara, kowace safiya in ɗauki biyu ko uku, in taka kujera in ɗora su a kan rufin kantar, can sama inda ba abin da zai hau kansu. Na ce a raina ai suna nan cikin ɗakin, ban fitar da su ba.

A mako na huɗu wani dattijo ya zo, tsohon alƙali ne da ya yi ritaya, yana neman wani littafin rabon gado. Yallaɓai ya ce ga dama ta samu, ya tara mu mu ga yadda ake yi. Ya ja akwatin katuna, ya sami lambar, ya nufi kanta ta biyu ya durƙusa. Babu littafin. Ya duba katunan aro, ba wanda ya ara. Ya sake durƙusawa, sai ya lura hawan ya yi giɓi kamar bakin tsoho.

Dattijon ya ce, "Ba komai, ɗana. Dama an ce mini sabon wuri ne." Ya ɗauki sandarsa ya fita.

Ban taɓa ganin fuskar Yallaɓai haka ba. Ya ce mana bai san ko sata ce ko sakaci ba, amma duk wanda aka samu da hannu a ciki, horonsa ya ƙare a ranar.

Malamin firamaren ya taɓa ni da gwiwar hannu. "Sarkin Tsintsiya, halan ka share su ne ka kai juji?"

Wasa yake yi. Na tuna matata da ta riga ta gaya wa maƙwabta cewa mai gidanta ya kusa zama ma'aikacin littafi. Na yi sallar azahar ina ta juya abin. Da muka dawo na sami Yallaɓai a ofishinsa, na cire takalmi na durƙusa.

"Yallaɓai, littattafan nan ba a sace su ba. In ka zo in nuna maka."

Na taka kujera na riƙa sauko da su ɗaya-ɗaya ina miƙa masa. Na rabon gadon shi ne na biyar.

"Me ya sa?"

"Suna ƙasa, Yallaɓai. Wurin takalmi. Ga ɓera a kansu."

Malamin firamaren ya fashe da dariya har sai da ya fita baranda. Yallaɓai bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon hawan ƙasan, sannan ya ce shi ma ɗan malami ne, kuma da mahaifinsa zai shigo ya ga wannan, da ba zai ci abinci a gidansa ba. Ya ce shi lamba kawai ya bi, idonsa bai ga takalmi ba.

"Amma ka ga abin da ya faru. Dattijo ya zo neman ilimi ya koma hannu wofi, littafin kuwa yana bisa kansa. Ka girmama littafi, ka hana shi aiki. Na riga na faɗi magana a gaban mutane, Malam. Ka kawo mini hanyar da lamba ba za ta karye ba, littattafan kuma ba za su zauna ƙasa ba. In ka kawo, na janye. Ka je ka yi tunani zuwa gobe."

Ban kai gobe ba. Ina tsaye a wurin ina kallon kantocin sai aikin gini ya dawo mini. Idan magini yana son layi ya ƙare daidai bakin taga, ba ya canza bulo, wuri yake bari.

"Yallaɓai, dole ne kowane hawa ya cika?"

"Ba dole ba ne."

"To a bar hawan ƙasan nan ba komai. Na addini su fara daga saman kanta ta uku. Sauran duk su matsa gaba. Lamba ba ta karye ba, tsallake kawai ta yi."

Ya bi kantocin da yatsa yana lissafi a ransa. Sannan ya ce, "Ka san littafi nawa ka ce a matsar? Duk ɗakin."

"Na ɗauki bulon ɗakin nan duka, Yallaɓai. Littafi bai kai bulo nauyi ba."

Ranar Asabar muka yi aikin, mu huɗu da shi kansa, ya naɗe hannun riga. Daga kantar ƙarshe muka faro muna dawowa baya. Malamin firamaren yana ta mita, wai bai bar aji don ya zama ɗan dako ba, kuma duk ciwon bayan da ya same shi a wuyana yake. Kantocin suna da faɗi, hawan sama ɗaya ya ɗauke littattafan addinin duka. Akwai 'yan kaɗan na Kirista a cikinsu, lambarsu ce ma a gaba. Yallaɓai ya ɗaga ɗaya ya dube ni.

"Waɗannan fa?"

"Su ma da sunan Allah a ciki. Su hau, a inda lambarsu ta ce."

Hawan da ya zama fanko muka zuba masa tsofaffin jaridu da aka ɗaure. Ni kuwa aikin nan ya yi mini amfanin da ban zata ba, don kusan kowane littafi ya bi ta hannuna na karanta lambarsa da baki.

Ranar jarrabawa aka ba kowa tulin littattafai ya mayar wurarensu, aka kuma ba shi katuna ya nemo. Ni na fi kowa daɗewa, amma ban sa ko ɗaya a inda ba nasa ba. Yallaɓai ya duba, ya sake dubawa, ya ce in kai tsintsiya sito.

Da kansa ya aika aka gaya wa tsohon alƙalin cewa littafin ya samu. Da ya zo ni ne a kan tebur. Na ce masa ina kwana a hankali, na tsaya a nan, ko da yake bakina yana ƙaiƙayi. Na ja akwati na nemo katin duk da na san wurin, na je kanta ta uku na miƙa hannu sama na ciro shi. Na buga hatimi, ya ɗan karkace. Sannan na raka shi baranda na tambaye shi gida da iyali da gajiya, har da ciwon ƙafarsa.