Akun da Ya Ce Da Sauƙi

A shekarun farko bayan samun 'yancin kai, a gidanmu na Gazara, kakata Inna Hajo ba ta ba da tatsuniya kyauta. Da an idar da magariba sai ta zube mana gyaɗa a bakin murhu, ta ce wanda bai ɓare ba ya toshe kunne.

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta wani manomin rake da akunsa. Akun ya daɗe a zaure yana jin gaisuwa har ya haddace ta tsaf. Ka ce ina gajiya, ya ce ba gajiya. Ran nan ciwo ya kwantar da mutumin, matarsa ta tafi Ikara neman magani. Maƙwabta sukan tsaya a ƙofar zaure su ce, "Yaya jiki?" Sai aku ya amsa, "Da sauƙi," da muryar maigidan sak. Kowa ya ce madalla ya wuce gona. Ko da matar ta dawo, rai ya yi halinsa.

Na ce, "Inna, ai ko maigidan ne ya amsa, da sauƙi zai ce."

"Haka ne, 'yar nan. Mutumin kirki ko a bakin kabari yake, da sauƙi zai ce. Amma da daga bakinsa ta fito, da sun ji rawar muryarsa, da sun shiga."

Lokacin ban gane ba, hankalina yana kan gyaɗa.

Kwanan baya jikata Rabi, wadda ke jami'a, ta zo Makarfi duba ni, don ciwon ƙirji ya sa ni gaba, ni kuma na ƙi asibiti. Ta ce suna nazarin wata na'ura da aka tsara bisa kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa, malamansu na ta gardama: tunda tana amsawa kamar mutum, ko haka ƙwaƙwalwa take aiki? Na ba ta labarin aku.

Ta yi dariya. "Hajiya, tamu har rawar murya za ta iya koya."

Ban musa ba. Aku ma da ya ƙara kwana da ya koyi tari. Sai dai amsa ta zo ɗaya ba shi ne ta fito daga wuri ɗaya ba. Ni ban taɓa leƙa cikin kan aku ba, balle na na'ura.

Da za ta tashi ta ce, "To, yaya ƙirjin?"

Na ce da sauƙi.

Ta tsaya ta dube ni, ta ajiye jakarta, ta fita neman mota.