Azarar ɗakin Yaya Sa'idu

Shekarar da aka jawo famfo zuwa unguwarmu a Konni, a daminarta ce rufin ɗaki ya faɗo wa yayana Sa'idu. Bana shekara tara ke nan. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, don a lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba. Bara waccan na shiga karatun manya, yanzu hannuna ya fara bin layi.

Yaya tela ne. Da ya baro Tsarnawa, ya kama hayar ɗakin soro da 'yar rumfa a gidan wani dattijo, abokin mahaifinmu, wanda ya koma Malbaza da zama. Baba muke ce masa. Babu takarda tsakaninsu, magana ce kawai aka yi a kan tabarma.

A nan wurinmu ɗan haya yana iya yaɓe rufi, ya share indararo, ba sai ya tambayi kowa ba. Amma a buɗe rufi a sauya azara, wannan sai mai gida. Wanda ya buɗe rufin mutum babu izini, cewa za a yi gadon gidan yake nema. To gara ta cinye azara biyu a ɗakin Yaya, har in ka ƙwanƙwasa sai gari ya zubo. Ya hau mota ya je Malbaza, ya durƙusa ya faɗa.

"Sa'idu, ɗakin ga ya girme ka," in ji Baba. "Ubanka ma ya kwana cikinai. Bari kaka ta yi."

Kaka ta yi, aka ce sai an sayar da wake. Aka sayar da wake, aka ce magini ya tafi Illela.

Na ce masa, "Yaya, mu tahi wurin mai unguwa."

"In kai ƙarar mutumin da ya zauna wurin sunana? Kai dai Idi, tsawo kawai Allah ya ba ka. Ɗauko kwando."

Abin da ya rage a hannunsa shi ne yaɓe, shi ya riƙe. Duk bazara sai ya kwaɓa ƙasa da ramno, wato ciyawar gini, ya ƙara wa rufin, don kada ruwa ya kai ga azarar. Shekara huɗu yana haka. Ni nake ɗauko masa ƙasar a ka, ina miƙa masa daga tsani. Matarsa Rabi tana tsokanarsa, wai rufin ya fi shi ƙiba. Mun yi dariya. Ba wanda ya tuna cewa duk kwandon da na miƙa, kan ruɓaɓɓen icce yake zama. Sai daga baya wani magini ya taka ƙasar da ƙafarsa ya ce ko lafiyayyar azara sai ta yi ƙara.

An yi kwana uku ana ruwa. Bayan azahar, Rabi ta tafi gidan biki da yara, Yaya kuma ya shigar da keken ɗinkinsa ciki don feshi ya hana shi aiki a rumfa. Yana ciki rufin ya faɗo. Da hannu muka tone shi. Baba ya zo gaisuwa, ya yi kuka na gaske, ban yi shakka ba. Kafin sadakar arba'in an sauya azarar, wani ya shiga.

Yau ni ma haya nake. Rufina kwano ne, amma bangon da yarana ke kwana a gindinsa ya tsage, hannu yana shiga. Malaminmu na karatu ya ce babban gyara na mai gida ne, kuma ɗan haya yana da damar kai kuka. Na yi sati ina rubuta takardar, ina gogewa. Na kai ta buro, wato ofishin hukuma, sau uku, kullum mai sa hannu ya fita. Mai gidana ya ji labari, yanzu ba ya amsa gaisuwata, kuma ya fara cewa ɗansa zai yi aure yana bukatar ɗaki.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce in ya gan ni a layin buro da takarda. Ina jin kunya za ta kama shi, ya ce na zubar mana da mutunci. Wannan kunyar ita ce ya bar mini, kuma har yau tana nan. Ranar da na fara miƙa takardar ban iya ɗaga ido ba. Na gaji, amma Litinin zan koma. Kafin nan na mayar da shimfiɗar yara tsakiyar ɗaki.

Abin da muka rasa kuwa ba shi da wuyar ƙirga. Mutum ɗaya, bai cika arba'in da biyu ba. Keken ɗinki ɗaya. Buhu biyu na hatsi da laka ta rufe. Rabi, da ta koma gidansu da 'ya'ya uku. Ƙaramarsu, in na je, sai an gaya mata ko ni wane ne.